Yadda Banki Ya Raba Ni da Goro

Ni mai goro ne, ɗan mai goro. Firamare ma ban ƙarasa ba, abin da na sani shi ne huhun goro da ganye da yayyafin ruwa. Alhamis ina kasuwar Shinkafi, in hanya ta yi kyau in leƙa Zurmi, sauran ranaku ina rumfata a Kaura. Tun da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Kurya Madaro muke zaman haya, ɗaki biyu, ni da matata da ɗiya biyar. Na gaji da haya, na gaji da hanya, amma ban taɓa sa wa raina mallakar gida a cikin gari ba.

Matata ce ta sa wa ranta. Malamar firamare ce, ɗiyar gidan malamai, in ta kama magana ba ta saki. Ita ta zo da labarin gidajen da aka gina a bayan gari, waɗanda banki ke saye ya sayar maka kana biya kaɗan-kaɗan, ba kuɗin ruwa. Albashinta kaɗai bai kai ba, cinikina kaɗai ba su yarda da shi ba. In mun haɗa kai za su ba mu, gidan namu mu biyu, bashin ma namu mu biyu.

Muka tafi Gusau. Ma'aikacin bankin ya yi ta bayani ina gyaɗa kai, har ya zo kan abin da ya kira inshorar rai. Ya ce dole kowannenmu ya shiga, irin ta Musulunci, kowane wata mu zuba wani abu. In Allah ya ɗauki ɗayanmu kafin a gama biya, masu inshorar su biya abin da ya rage.

Na ce, "Wato ina zaune gabanka da raina ka riga ka yi wa mutuwata kuɗi?"

Ya ce, "Ba haka ba ne, Baba."

Na ce haka ne, na ɗauki hulata na fita.

Muka shiga mota ni da matata har muka kusa Kaura. Ita ta fara. Ta ce, "Malam, ni ma hwa tawa mutuwar tana ciki, kuma ban tashi na bar kujera ba."

Bayan kwana biyu surukina ya aiko kirana. Tsoho ne mai karantarwa a zaurensa, ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Na durƙusa daga bakin tabarma. Bai yi mini wa'azi ba, tambaya kawai ya yi.

"In an kawo mamaci an aje, mi ake hwaɗi kafin a sallace shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ana cewa duk mai bin shi bashi ya zo ya ga magada."

"To ranar taka, in mutumin banki ya ɗaga hannu cikin sahu, wa za ya amsa mashi? Ɗiyata?"

Ya ce ya bincika, wannan irin gudummawa ce, mutane da yawa ke zubawa wuri ɗaya, wanda mutuwa ta faɗa wa a ɗauke masa nauyi. Ba mai matso maka da ajali, ba mai ɗaga maka shi. Na fita daga zauren, a zuci ina ganin mutumin bankin nan da rigarsa mai guga tsaye cikin sahun jana'izata. Washegari na ce wa matata a shirya, na yarda.

Ashe yardata ba ta isa ba, sai likita ya duba mu. Aka ce mu zo da safe ba mu ci komai ba. Na kiyaye. Ban sha koko ba, ban sha shayi ba. Amma goro ai ba abinci ba ne. Tun asuba na ɓare fari guda, a hanya na ƙara, da layi ya yi tsawo hankalina ya tashi na sake ƙarawa.

Matata ta shiga ta fito lafiya lau. Ni kuwa da nas ta ɗaura mini robar awo a hannu ta duba, sai ta kwance ta sake ɗaurawa. Ta kalli bakina.

"Baba, mi ka ci?"

"Ban ci komi ba, ɗiyata."

"Buɗe baki."

Na buɗe. Ta kira likita tana dariya, ta ce ya zo ya ga wanda bai ci komai ba. Likitan bai yi dariya sosai ba. Ya ce jinina ya hau, zuciyata na gudu, in ya rubuta abin da ya gani yau masu inshora ba za su karɓe ni ba, in ba su karɓe ni ba kuma babu gida. Ya ce in bar goro, in rage gishiri, in dawo bayan wasu makonni.

Wanda bai san sana'armu ba zai ga abin wasa ne. Mai goro da baki yake ciniki. In mai saye ya tsaya yana jujjuya goro yana tsoron ƙwari ko ɗaci, sai ka ɓare guda a gabansa, ka ɓantari rabi, ka miƙa masa rabi. Haka na ga mahaifina yana yi, haka nake yi daga safe har yamma. Yanzu an ce in ɓare in miƙa, ni in haɗiye yawu.

Makon farko kaina kamar ana sara. Barci ya kama ni a kan huhu tsakiyar kasuwar Shinkafi, sai da maƙwabcina ya yayyafa mini ruwan goro a fuska. A gida kuma miya ta koma ruwa, Malama ta ɓoye gishiri, kowace yamma sai ta ce in buɗe baki ta duba kamar mai sayen rago.

Wata Alhamis wani tsohon Bafulatani daga wajen Jangeru, wanda ya daɗe yana saye a wurina, ya zo sayen goron suna. Na ɓare na miƙa masa duka biyun. Ya riƙe yana kallona.

"Ci naka."

"Ba ni ci yanzu."

"Mai goro ba ya cin goro nai? Mi ka sa ciki?"

Ya ajiye zai tafi. Dole na faɗi gaskiya, na ce banki ne ya hana ni. Ya tsaya, ya sa na maimaita, sannan ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Ya ce shi ya san banki na ƙwace gona, bai taɓa jin ya ƙwace goro daga bakin mutum ba. Kafin azahar layin masu goro duk sun ji. Mutane suka riƙa zuwa takanas su ɓantara a gabana suna lumshe ido, suna cewa, "Kai, wanga da garɗi yake, Allah ya ba ka haƙuri!" Amma duk wanda ya zo tsokana sai ya saya. Ban taɓa sayar da kaya da wuri irin na lokacin ba.

Ranar komawa asibiti ko warin goro ban yarda na shaƙa ba. Nas ɗin nan ta ɗaura robar, matata na tsaye a bakin ƙofa tana motsa leɓe. Likita ya duba ya ce jinin ya sauka, bai sauka duka ba, akwai hawan jini na gaske a ƙarƙashi wanda da ban zo ba ba zan sani ba. Ya rubuta mini magani. Masu inshora suka karɓe ni, sai dai abin da nake zubawa ya ɗara nata, kuma har yau tana yi mini gori, wai ita mai araha ce don ta fi ni lafiya.

Mun tare a sabon gidan da damina. Ɗaki uku ne da tsakar gida, ba wani abin kallo ba. Yara suka yi ta gudu daga ɗaki zuwa ɗaki suna rabon kusurwa. Ni ina jan buhun gero sai na ji ana bugun bango. Na leƙa, Malama ce a kan kujera da guduma, ta kafa ƙusa ta fara ta biyu.

Na ce, "Mi za ki rataye nan?"

Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Miƙo mani wata."

Na ajiye buhun na miƙa mata.