Baitoci Bakwai da Na Ƙi Yankewa

Shanun mahaifina suna arewa da Dakoro, a cikinsu na tashi. Da asuba allo, da hantsi garke. Kakana ne ya koya mini ajami, shi ne kuma ya nuna mini yadda ake gina waƙa: a fara da sunan Allah, a yi salati ga Annabi, sannan a shiga abin da ya kawo mutum. A hannunsa ban taɓa ganin waƙar da ta fara ta wata hanya ba.

Da na biyo maigidana birnin Greensboro na Amurka a farkon shekarun dubu biyu, na yi wata takwas ina jera kwalaye a wani sito da ke kan titin Wendover. Ban yi raki ba, amma raina ba ya wurin. Wata rana wata 'yar garinmu ta ce akwai tsohuwar Baturiya a McLeansville, can bayan gari, da ke neman mai taya ta kiwo, maza biyu sun gwada sun gudu. Na ce a kai ni.

Tsohuwar ta haura saba'in. A yammacin Amurka aka haife ta, a gonar kiwon da doki ke wuni bai kai ƙarshenta ba. Da mijinta ya rasu aka sayar da gonar, ta dawo kusa da 'yarta da shanu goma sha ɗaya da jita guda. Ta shekara arba'in tana yawon rera waƙoƙin kaboyi, makiyayansu masu hawan doki. Ranar farko ta tsaya a bakin shinge tana kallona. Na shiga, na dafa wuyan wata jar saniya da aka ce tana tunkuyi, na yi mata magana da Hausa har ta sauke kai. Tsohuwar ta ce in zo gobe ƙarfe shida. Mama nake kiranta, ba ta taɓa hana ni ba.

Bayan azahar nakan zauna a kan damin ciyawa in yi rubutu. Wata rana ta karɓi littafin, ta riƙe shi kai ƙasa, ta tambaye ni ko addu'a ce. Na ce waƙar shanu ce. Ta ce in rera. Da ta ɗauko jita za ta bi ni, na ce irin wannan ba a yi mata kiɗa. Ta ajiye, ta saurara har ƙarshe, baiti arba'in cif. Daga nan muka ɗauki makonni, ni da guntun Turancina, ita da haƙurinta, har ta rubuta ma'anar waƙar a takarda.

Da kaka ta yi, ta sa ni cikin masu rerawa a wani taron mawaƙan kaboyi da ake yi a rumfar wata gona. Na nemi izinin maigidana. Direban babbar mota ne, ba ya son hayaniya.

Ya ce, "Hajiya, a gaban Turawa? Me za su ji a ciki?"

Na ce, "Malam, shanun Mama ma Turawa ne, kuma suna ji."

Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. "To, ki je. Kar dai ki dawo mini da malafar nan tasu a kan mayafi."

Saura kwana uku muka je gwaji. Mai shirya taron dogo ne, mai gashin baki, agogo a hannu. Ya ce kowa minti biyar. Ya karanta takardar Mama, ya ɗauki biro ya ja layi a kan baitoci bakwai na farko. Ya ce a nan babu saniya, babu doki, mutane kuma kiwo suka zo ji, addu'a kowa ya yi a gidansa. Cikin ladabi ya faɗa. A shekarun nan ko a kanti sai an kalli mayafina sau biyu, don haka na gane abin da yake tsoro.

Maganarsa ba ta dame ni kamar ta Mama ba. A mota ta ce, "'Yata, ni ma an yanke mini waƙa ba sau ɗaya ba. Mata nawa kika gani a can? Ki shiga tukuna. Baɗi sai ki rera duka."

Na ce, "Mama, in lokaci ne matsalar, a yanke shanun."

Ta ce in na yi haka ba za a ƙara kirana ba. Na ce na ji. Kwana ukun nan muna aiki tare, ba ta matsa mini ba, ni ma ban roƙe ta ba. Na zauna da littafina, na zaɓi baitoci shida daga na shanu, na bar sauran ina jin ciwon kowanne. Na haɗa su da bakwai ɗin farko, na auna da agogon kicin, ya tsaya minti biyar daidai.

Ranar taron na yi la'asar a bayan tirelar dawakai. Maigidana ya tsaya can baya ya harɗe hannuwa. Mama ce za ta gabatar da ni. Ta hau dandamali da takardar da aka ja wa layi, ta daɗe tana kallonta. Sai ta ninke ta, ta ce, "Wannan matar za ta fara yadda ake farawa a wurinsu, da sunan Ubangiji. Kun san abin da ake yi da hula."

A wurinsu cire hula ake yi in za a ambaci Allah. Wasu suka cire, wasu suka bar tasu. Mutum biyu suka fita. Na fara:

Da sunan Allah zan fara, Mai ruwan sama,
Shi ya sa wa saniya nono, ya sa mata nama.

Ban yi sauri ba. Na yi salatin da cikakkiyar murya, irin wadda nake kiran garke da ita daga ƙetaren fadama. Na rera jar saniya da ɗan maraƙin da ya mutu a sanyi, na rufe da godiya ga Allah. Mai agogo ya duba hannunsa, minti biyar cif. An tafa, ba da yawa ba.

Shekara ta zagayo, takardar gayyata ta zo da sunan Mama kaɗai. Ta ce ba za ta je ba. Na ce ta je, wurinta ne tun kafin a haife ni. Ta tafi, ni na ba shanu ciyawa.

Bayan haka ta riƙa kai ni ƙananan wurare, ɗakunan karatu da bukukuwan manoma. Duk wanda ya kira, tun a waya nake gaya masa yadda waƙata take farawa da kuma tsawon farkon. Wasu sukan ce za su sake kira, ba sa kira. Wasu sukan ce in zo, sai in je.