Kwalaben Torika da Dare na Ɗari

Torika ta sunkuya cikin rafi sama da gada kaɗan, ruwa iya ƙwauri, ta ɗago dutse ta kifa shi a tafin hannunta. Haka take yi kowace safiya kafin ta wuce makarantar firamare inda take dafa wa yara abinci. Takan kai dutsen kusa da fuska kamar mai karanta wasiƙa, leɓenta na motsi, tana ƙirga 'yan ƙwarin da ke manne a ƙarƙashinsa. Akwai wasu masu jela uku, sirara kamar gashin ido, waɗanda ba sa zama sai a ruwa mai lafiya. Su take nema. Ran nan ta juya duwatsu bakwai, tana mayar da kowanne mazauninsa, ba ta ga ko ɗaya ba. Sai jajayen tsutsotsi.

Ina zaune a kan gadar katako ina ɗinkin raga.

Na ce, "Taubashiya, sun amsa gaisuwar kuwa? Ko yau ma surukan naki ba su tashi ba?"

"Rufe mini baki, Peceli, ɓarawon gidan kawunsa," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Ragar nan ma ta babana ce."

"Ni ɗan ƙanwarsa ne. Ban taɓa yi masa sata ba, ɗauka dai nake yi."

Ta saba ramawa har sai na nemi sulhu. Ran nan ba ta ƙara ba. Ta ciro 'yar kwalba daga ƙugun zanenta, ta cika ta da ruwa, ta rufe, ta tsaya tana kallon tudu, wajen da rafin ke gangarowa.

Rafinmu ba wani babban ruwa ba ne. Yakan fito daga cikin duwatsu, ya bi ta bayan gidaje, ya ratsa ƙarƙashin gada, sannan ya baje cikin laka da itatuwan tiri masu tsayawa a kan saiwoyinsu, inda yake haɗuwa da teku. A cikin lakar nan kaikoso ke kwance, 'yan halittun nan masu ɓawo biyu da matanmu ke tonowa da yatsun ƙafa idan teku ya ja baya. Ɗanye muke cinsu, da lemun tsami da barkono da ruwan kwakwa. Wanda ya tashi a nan, ko ya shekara talatin a birnin Suva, da ɗanɗanonsu yake mafarki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da zazzaɓin taifot ya shigo mana bayan wata ambaliya. Ya kwantar da rabin gari, ya tafi da mutum huɗu. Ta huɗun ita ce Salanieta, 'yar Torika ɗaya tilo, tana da shekara tara. Bayan haka wasu ma'aikatan lafiya suka zo da kwali cike da kwalabe, kowace da ɗan gutsuren takarda mai magani a ciki. Suka koya wa mutum shida: ka cika kwalba da ruwa, ka ajiye a wuri mai ɗumi da duhu. In ruwan ya zauna rawaya, lafiya lau. In ya yi baƙi, akwai ƙazantar ciki ta mutum ko ta dabba, kuma saurin baƙin shi ne yawan ƙazantar. Kafin shekara ta zagayo, biyar sun gaji. Torika ce kaɗai ba ta daina ba. Ta zaɓi wurare huɗu: kan tudu, bayan gidaje, gada, da bakin teku. Kwalaben kuwa cikin safar marigayi mijinta take sa su, ta ajiye a gwangwanin biskit kusa da murhu. Mun yi mata dariya har muka gaji, har muka saba, kamar yadda ake sabawa da carar zakara.

A bana kawuna Apakuki, mahaifinta, ya rasu. Kamar yadda ake yi wa dattijo, aka kafa sanduna masu ganyen kwakwa a bakin rafi, aka rufe shi dare ɗari. Ba mai jefa raga, ba mai tonon kaikoso, ko yaro ba ya jiƙa ƙafa daga gada zuwa teku. Ranar ɗari za a tumɓuke sandunan, gari duka ya shiga ruwa, abin da aka kwaso a ciyar da baƙin da za su zo daga ƙauyuka biyar. Kowa ya yarda cewa a ranar ne rafi ya fi tsarki, tun da wata uku ba hannun da ya taɓa shi.

Saura kwana takwas Torika ta kira ni ɗakin girkinta. Ta buɗe gwangwani, ta jera kwalabe huɗu a kan tabarma. Ta farko rawaya ce kamar shayin ganyen lemo. Ukun kuwa baƙi ƙirin.

"Na jiya ne," in ji ta. "A da sai sun kwana uku kafin su yi toka-toka. Waɗannan kwana ɗaya. Sau uku ina maimaitawa, ko ni ce na yi kuskure."

"To mene ne tsakanin ta farko da ta biyu?"

Ta dube ni. Ni ma na san amsar kafin in rufe baki. Garken aladun Ilaitia.

Ilaitia wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ranar da aka binne mahaifinsu yake tara aladu don walimar dare na ɗari, nasa da na dangi, har suka kai ashirin da uku. Gwiwoyinsa sun tsufa da ɗaukar bokiti, sai ya matso da garken gab da rafi, ya haƙa 'yar kwata don ruwa ya riƙa wanke masa. Ba mugunta a ciki. Don girmama uba ya yi.

Na ce, "To ki gaya masa mana."

"Ka haukace ne?"

Na haukace ɗin kuwa, na ɗan lokaci. A wurinmu, da zarar yarinya ta fara zama budurwa, kunya ta shiga tsakaninta da wanta ke nan har kabari. Ba ta kiran sunansa, ba sa zama kan tabarma ɗaya, ba sa haɗa ido. In sun yi kiciɓis a hanya, ɗaya yakan ratse cikin gonar rogo. Shekara arba'in da uku Torika ba ta furta wa Ilaitia kalma ba. "Mai gidan tudu" take ce masa. Tana ƙaunarsa ƙwarai. In ta gasa gwaza, shi ake fara aika wa. Amma ta tsaya gabansa ta yi masa zancen kashin dabba, wannan ko a mafarki ba ya faruwa.

"Kai ne taubashinsa," in ji ta. "Bakinka ba linzami. Ka je ka faɗa."

Na je da yamma, lokacin da maza ke zagaye da akushin yangona, jiƙon saiwar da muke sha a zaman dattawa, a ɗakin taro. Na jira ƙoƙo ya zagayo, na sha, na tafa.

Na ce, "Taubashi, aladunka sun mayar da rafinmu masai. Baƙinka za su ci kaikoso da miyar da ba ka yi niyya ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ilaitia ya riƙe ciki.

"Ku ji ɗan mace," in ji shi. "So yake kowa ya ƙyamaci kaikoson, shi ya kwashe gida."

"Da gaske nake, Ilaitia."

"Da gasken naka ke nan, mai kan kwakwa. Bara ma da gaske ka ce kifi ya saci fitilarka."

Na sake gwadawa washegari, na ɗaure fuska iya ƙarfina. Abin ya fi na jiya ba su dariya. Sai a lokacin na gane inda muka maƙale: bakin da aka yarda ya faɗi komai, shi ne bakin da ba wanda ke ɗaukar maganarsa. Shekara sittin ina wasa da mutumin nan. Ba ni da wata murya da zai ji ni da ita.

Kwanakin suka riƙa zubewa. Malamar asibiti ba ta zuwa sai ƙarshen wata, kuma dare na ɗari ya riga ƙarshen wata. Torika ta rame a idona. Abincin makaranta ya ƙone sau biyu. Ta daina amsa tsokanata gaba ɗaya, ni kuma na daina yi. Da safe nakan hango ta a kan gada, tana kallon lakar da ba a taka ba, sumul, tana sheƙi kamar bayan kifi, ƙananan ramukan kaikoso sun cika ta fal. Ban taɓa ganin rafin ya yi kyau haka ba, kuma ban taɓa jin tsoronsa haka ba.

Na ce mata, "A dafa su mana. Wuta ai tana kashe komai."

"Wa zai dafa kaikoson farko na ranar buɗewa? Kai ma a cikin ruwa kake fasa naka. Yara kuma fa? Wuni guda za su yi suna iyo, suna kurɓa." Ta juyo ta dube ni. "Yara saba'in nake zuba wa abinci, Peceli. Na san wanda ba ya cin albasa, na san wanda ke ɓoye wa ƙanensa rabi."

Ana gobe buɗewa, baƙi sun fara sauka, an haƙa ramukan gasa nama, hayaƙi ya rufe gari. Da la'asar maza suka taru don tsara wanda zai tumɓuke sanda ta farko. Ilaitia na zaune a saman ɗaki, wurin da mahaifinsa ke zama. Ana cikin tace yangona sai hasken ƙofa ya ragu.

Torika ce, da gwangwanin biskit a hannu. Ta shigo a durƙushe, tana neman gafara a hankali, ta ratsa tsakanin gwiwoyin maza har gaban akushi, inda mace ba ta zuwa. Mai tacewa ya tsaya da hannuwa a cikin ruwa. Ta zaro kwalaben daga safa ɗaya bayan ɗaya ta jera. Rawaya ɗaya, baƙaƙe uku. Ta biyu ta faɗi, ta tayar da ita.

Ilaitia ya kawar da fuska wajen bango, kamar yadda ya kamata. Ya ce, "Peceli, ka tambayi 'yar gidan nan abin da ya kawo ta."

Na buɗe baki. Ta riga ni.

"Ilaitia."

Wani tsoho ya sunkuyar da kai. Sunan ya fito daga bakinta a ƙage, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Yaya, dube ni. Wannan ta saman garkenka ce. Waɗannan ukun na ƙasansa ne. Sandunan Baba sun hana hannu shiga rafi, ba su hana abin da ke gangarowa daga tudu ba. Na aiko taubashi sau biyu, kun yi dariya, ban ga laifinku ba." Ta ɗora yatsa kan baƙar kwalba ɗaya. "Kai ka ɗauki Salanieta zuwa kabari. Ka tuna nauyinta. Ba na so ka sake ɗaukar irinsa."

Ya juyo. Na ga idanunsu sun haɗu, ɗan lokaci kaɗan, kamar tsuntsaye biyu da suka sauka kan reshe ɗaya bisa kuskure. Sannan ya mayar da nasa kan kwalaben. Ya ɗauki baƙa ɗaya, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya girgiza. Haske bai ratsa ta ba.

Wani daga gefe ya ce, "Ƙauyuka biyar fa, Ilaitia. Me za mu ce musu? An taɓa dare na ɗari ba kaikoso?"

Ilaitia ya juya kwalbar a hannunsa. Daga waje ana jiyo kukan aladu da dariyar yaran baƙi da suka riga suka gano hanyar gada.

"Za a ce musu Apakuki ya fi ƙarfin dare ɗari," in ji shi daga ƙarshe, muryarsa a dushe. "Sanduna za su ƙara wani ɗarin. Gobe matasa su fita da jiragen ruwa can bayan duwatsun murjani su kamo kifin teku. Aladun dama gobe za su ƙare. Garken kuma in ya tashi, ba zai koma wurin ba." Ya ajiye kwalbar a gabansa, ya sake fuskantar bango. "Peceli, ka gaya wa 'yar gidan nan na ji. Ka gaya mata kuma za a yi gunaguni, kuma da sunanta za a yi."

Na juya gare ta. Na ce, "Taubashiya, wai ya ji."

"Ai ba kurma ba ce ni," in ji ta a hankali. "Ka gaya wa mai gidan tudu a sa mutum a gada tun yanzu. Yaran baƙi ba su san sanduna ba."

Ta mayar da kwalabe uku cikin safa. Baƙar da ke gaban wanta ba ta taɓa ta ba, shi ma bai turo ta ba. Ta leƙa ta taga wajen teku, ta ga ya fara ja baya, lokacin ɗibar ruwan yamma ya yi. Ta rungume gwangwaninta, ta ja da baya a durƙushe tana neman gafara, har ta kai bakin ƙofa. A nan ta miƙe, ta gyara zane, ta fita.