Kawun da Ya Kashe wa Tauraro Makirufo

Kafin sauran masu shaguna su gama ɗage ƙofofinsu, Kawu Mai Sifika ya riga ya share gaban nasa, ya jona ƙarfen dalma a wuta, ya ɗora tabarau a karan hanci. Shagon ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙa leƙo kai waje yana shan iska. Rediyoyi a kan kanta, sifikoki a ƙasa cikinsu a buɗe, wayoyi rataye a ƙusa. Duk mako aikinsa ke nan, ya kwance, ya shinshina, ya ce wannan ta ƙone, ya gyara. Ranar Asabar da yamma kuwa sai ya rufe shago, ya ɗora babbar sifikarsa a baro, ya tura ta filin da ke bayan shagunan, ya ja waya, ya saki kiɗa. Ya haura shekara ashirin yana haka. Ƙarshen watan nan za a raba shi da filin, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don ba zan yarda a kore shi shiru ba.

Kawu ba mawaƙi ba ne. Muryarsa ko kiran kaji ba ta iya ba, shi ma ya sani, kuma shi ke fara yi wa kansa dariya. Hip-hop ya shigo masa ne ta cikin wani kaset da aka manta a rediyon da aka kawo gyara. Bai ji yaren ba, amma ya ji zafin maganar. Da ya bi diddigi aka gaya masa cewa 'ya'yan talakawa ne a unguwannin da aka yi watsi da su suka ƙirƙiro abin, da kiɗa da rawa da baki, don su faɗi abin da ke cinsu, su kuma yi gasar magana maimakon ta duka. Ya ce to ai mu ma muna da bakin, muna da abin da ke cinmu, sifika ce kawai babu. Sai ya haɗa ɗaya daga gawarwakin da ke shagonsa.

Dokarsa a filin ba ta da yawa. Kowa ya zo ya bi layi. Kowa kiɗa ɗaya, in ya ƙare Kawu ya sauke sautin, makirufo ya wuce hannu na gaba. Ba a zagin uwar kowa. Ba a tambayar wane ne kai. Ni da nake wannan rubutu a nan na fara riƙe makirufo, na manta rabin baitin da na haddace, aka yi mini ihu. Kawu bai lallashe ni ba. Cewa ya yi, "Ɗiyata, layi yana nan, koma baya ki sake zuwa." Na koma, na sake zuwa.

Mai wankin mota da ke gefen filin har yau yana ba da labarin wasu masu babur biyu da suka zo za su fasa wa juna kai a kan wurin tsayawa. Kawu ya shiga tsakaninsu da makirufo a hannu, ya ce duk mai magana ya bi layi ya faɗe ta a kan kiɗa. Kafin layi ya iso kansu, kowannensu ya shagala da neman kalmar da za ta hau kan 'yar uwarta. Na farko ya yi layi biyu ya sarƙe. Na biyu ya yi dariya har ya durƙusa, da aka miƙa masa shi ma ko layi ɗaya bai kai ba. Tare suka tafi, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya fi shan kunya.

A wannan filin Tartsatsi ya taso. Yau kowa ya san shi, fuskarsa na kan allunan talla, waƙoƙinsa na tashi a kowace mota. A lokacin ɗan siriri ne mai saurin baki, Kawu ke gyara masa wayar kunne kyauta. Kwanakin baya ya dawo da albishir. Wani kamfanin lemon kwalba zai kama filin haya daga mai shi, ya rufa kwano, ya kawo fitilu da kyamarori, a riƙa haska taron Asabar a talabijin. Kawu zai zama uban taro, da kujera mai laushi da albashi. Ina shagon ranar da suka yi maganar, na kawo gyaran rediyon mahaifiyata.

"Kawu, sharaɗinsu ɗaya ne kawai," in ji Tartsatsi. "Su za su zaɓi masu hawa. Layin nan ba ya kyau a kyamara."

"Layin shi ne taron, ɗana. In ka cire shi me ya rage?"

"Abinci ya rage, Kawu. Kai kullum asali, asali. Su waɗanda suka fara abin nan, ka zaci sun so mutuwa da yunwa ne? Da suka samu ai ci suka yi. Gida nawa nake ciyarwa da bakin nan? Ƙannena da waƙa suke makaranta."

"Na taɓa ce maka kada ka ci? Ci, Allah ya ƙara. Na fi kowa murna ranar da na gan ka a allo. Amma ranar da ka fara zuwa da silifa ɗaya a tsinke, da a ce masu kyamara ke zaɓe, da wa zai zaɓe ka?"

Tartsatsi ya ce, "In ka ƙi, za su kama filin ko da kai ko babu kai. Mai fili ya riga ya ji ƙanshin kuɗi." Kawu ya ce a zo a gwada Asabar ɗaya, amma a kan dokar filin. Madam ɗin da ke wakiltar kamfanin ta amince da baki, da alama ta ɗauka tsoho ne zai yi laushi in ya ga fitilu.

Ba zan yi wa Tartsatsi ƙarya ba, maganarsa akwai gaskiya a ciki. Na gaji da masu son mawaƙi ya yi ta fama da tsumma don su ji daɗin cewa bai sayar da kansa ba, alhali su ba za su yi aikin yini ɗaya kyauta ba. Waƙa sana'a ce, mai ita ya ci guminsa. Inda na rabu da shi shi ne a ƙofa. Kasuwa ta ɗauki kiɗan, ta ɗauki tafiyar da hular da ɗaga hannun, ta bar abu ɗaya da aka fara komai dominsa, wato wanda ba kowa ba ya samu inda zai buɗe baki. Wannan ba ya sayuwa, don haka ba sa son sa.

Asabar ɗin ta zo. Filin ya cika har kan katanga. Tartsatsi ya bi layi don a ɗauka a kyamara, aka yi ta tafi. A bayansa akwai wata mata mai sharar asibiti da muke kira Anti, ta taso daga aiki ko rigar aikin ba ta cire ba. Makonni tana haɗa baiti a kan yadda marasa lafiya ke kwana a baranda. Madam ta matso kusa da Kawu ta ce, "Baba, in ya gama ka sake masa wani kiɗan, ya yi uku a jere. Waccan matar kuma a ɗan ja ta gefe, rigar ba ta dace da hoton ba."

Tartsatsi ya yi nasa, kuma ya yi da kyau, ba mai musu. Kiɗa ya ƙare, ya ɗaga hannu yana jiran na biyu, bakinsa ya riga ya shiga sabon baiti. Kawu ya sa yatsa ya sauke sautin har ƙasa. Tauraro na ta motsa baki, babu abin da ke fita.

"Naka ya ƙare, ɗana. Miƙa wa Anti."

"Baba, ka san abin da kake yi kuwa?" in ji Madam.

"Na sani sarai, Madam. Layinta ne."

Tartsatsi ya tsaya riƙe da makirufo, idonsa ya kaɗa. Ya dubi kyamarori, ya dubi Kawu, ya miƙa wa Anti, ya fice ta cikin mutane. Masu kyamara suka fara naɗe wayoyinsu tun tana baitin farko. Ta yi waƙarta har ƙarshe, kuma waɗanda suka taɓa jinyar wani a baranda sun san abin da take faɗa. Na ga wani ƙato yana share ido da bakin hularsa.

Bayan kwana kaɗan mai fili ya aiko cewa ya ba kamfani, Kawu ya kwashe kayansa ƙarshen wata. Za su yi taronsu a can, da kwano da fitilu da zaɓaɓɓun fuskoki, kuma na tabbata zai yi kyau a talabijin. Wasu har cikinmu suna cewa taurin kan tsoho ya jawo mana asarar inuwa. Su faɗa. Raina ya ɓaci da rashin filin, ya ɓaci ƙwarai, amma da ya ja Anti gefe ranar, da ban sake taka wurin ba ko da an shimfiɗa masa darduma.

Kawu, kai ne ka ba mu baki lokacin da ba wanda ya tambaye mu ko muna da magana. Kai ne ba ka taɓa hawa allo ba, amma rabin masu hawa a hannunka suka koyi riƙe makirufo. Kai ne aka ɗora wa kujera mai laushi a gefe guda, mai shara a ɗaya gefen, ka zaɓi mai shara ido buɗe, ka san abin da za ka rasa. Ba ka zagi Tartsatsi ba, har yau in waƙarsa ta tashi a rediyon da kake gyarawa sai ka ƙara sauti ka ce yaronka ne. Mun gode, Kawu. Allah ya ƙara wa yatsan nan naka lafiya.

Ku kuma masu shirya taro, masu gidajen rediyo, masu ɗakunan ɗaukar waƙa, ba na ce ku daina cin abinci ba. Ku bar ƙofa ɗaya a buɗe wadda ba sai an san mutum zai shiga ba, ku kuma tsaya a bakinta ranar da tsayuwar za ta ci muku wani abu.

Jiya na leƙa shagon na tambaye shi ko mu shirya masa bikin ban kwana. Ko ɗago kai bai yi daga rediyon da ke gabansa ba. "Ban kwana da wa? Ki dai tambaya mini a cikin masu karanta ki, wa ke da fili da soket ɗaya." To ga shi na tambaya. Wanda ke da shi ya zo shagon, ba ya ɓata. Sai dai in faɗa muku tun yanzu, don kada a ji kunya daga baya: ko kai ne mai filin, in kana son makirufo, layi za ka bi.