Awon Ɗan Yatsa

Makon jiya ragar ƙarfen murhuna ta karye. Ita kaɗai ta rage mini cikin abin da Baba ya ƙera.

Ina yarinya a Gure, zamanin Nasara, ya kira ni maƙera, cikin warin gawayi, yana tari. Ya ce, "Kawo ɗan yatsanki, uwata." Da shi ya auna tsakanin sandunan, yadda iska za ta shiga, garwashi bai zube ba.

Na kai wa wani maƙeri ragar ya yi mini sabuwa. Ya ce, "Inna, wace tazara zan bari?" Na miƙa yatsan nan ba tunani, na manta ya tsufa ya yi kauri. Yanzu garwashi zubewa yake. Duk wanda ya faɗo, sai in ji tarin Baba a bayana. Ba na waiwayawa.

Allah Ya sanyaya makwancinsa, ya sha zafin wuta a duniya.