Ƙamshin da Barewa Ke Gudu

Hamissou mutumin Tahoua ne ta Nijar, direba a garin Gaithersburg na Amurka. Aikinsa ɗauko mutane daga filin jirgin Dulles ya sauke su ƙofar gidajensu, kuma yawancinsu ƙeyarsa kaɗai suka sani. Shi ba mai surutu ba ne dama, amma tun da matarsa Ramatou ta rasu aka binne ta nan Maryland, sai ya zama in ba gaisuwar masallaci ba, yakan wuni bai furta kalmar Hausa ba.

Gregory ne ya jawo shi farauta, wani tsohon Bature mai gonar tuffa a wajen Poolesville, wanda yakan kai asibiti. Barewa sun addabi tsohon, suna cinye masa ƙananan dashe. Da ya ji kakan Hamissou maharbi ne, sai ya ba shi aron kwari da baka, ya raka shi ya yi kwas ya karɓi lasisi, ya nuna masa wata kujerar ƙarfe ɗaure can saman bishiya a bakin gona. Kakan dai maharbi ne, jikan kuwa ko zomo bai taɓa kayarwa ba.

Ranar farko barewa ta zo har gindin bishiyar. Hamissou ya ja baka, ya ɗaga murya ya yi bisimilla kamar zai yanka ragon layya. Kafin ya rufe baki farin wutsiyarta kawai ya hango. Gregory ya yi dariya har da tari, sannan ya zaunar da shi ya yi masa karatu. Ya ce masa ya jingina bayansa da bishiya don kada siffarsa ta fito fili. Kada ya ja baka sai kanta ya shiga bayan wani itace. Ya zauna inda iska ke busowa daga wajenta zuwa wajensa. Duk Hamissou ya iya, har bisimillar ta koma raɗa. Amma a wannan kwarin iska juyawa take yi, kuma kullum sai barewa ta tsaya daga nesa, ta ɗaga hanci, ta buga ƙafa, ta yi huci ta juya.

"Mi na yi miki ne?" yakan ce mata a hankali, ko da yake sarai ya san amsar.

Wata suwaita ce ruwan toka da yake sakawa a ƙarƙashin rigar farauta. Ramatou takan baza tufafinsa kan kabbasa ta turara su da turaren wutar da ita kaɗai ta san haɗinsa, kuma suwaitar ce ta ƙarshe da hayaƙin ya kama. Kwalbar turaren ta daɗe da ƙarewa. Ya sayi na mata masu sayar da turare a Silver Spring kala-kala, babu wanda ya ko kusanto. A gida ba ya jin ƙamshin, girkin maƙwabta ya danne shi. A mota kuma turaren fasinjoji. Sai a saman bishiyar nan, cikin iska mai sanyi da tsabta, in jikinsa ya ɗumama ulun, ƙamshin ke tasowa ta wuyan riga kamar ta shigo ɗaki. Abin da ke kai shi ke nan. Barewar ma da za ta yi zamanta a daji, da bai damu ba.

Gregory kuwa ya damu. Ganye ya zube, lokacin farauta ya ja, dashe na ta ƙarewa. Wata safiya ya matso ya shinshina kafaɗar Hamissou.

"Abokina, ni da tsohon hancina ma ina jin ka daga baranda. In ba ka kayar da ko ɗaya bana ba, zan ba wani kujerar. Ba don na ƙi ka ba."

Hankalin Hamissou ya tashi ƙwarai. In aka karɓe bishiyar, ina zai ƙara jin Ramatou? Ya auna, ya ga abin mai sauƙi ne. Rana ɗaya zai hau babu suwaitar, ya kayar da barewa, Gregory ya huce, shi kuma ya koma zamansa.

Ranar Asabar ya yi wanka da sabulun maharba marar ƙamshi. A ɗakin baya na gidan Gregory, inda yake canza kaya, ya cire suwaitar ya ninke ta a kan benci, ya shafa ta sau ɗaya ya fita.

Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan safiyar ba. Ya sunkuyar da hanci cikin wuyan riga yadda ya saba, babu komai sai sanyi. Rana ta ɗan ɗaga sai ga barewa tana tafe tana kiwo, ba ta ko ɗaga kai ba, kamar yadda fasinjojinsa ke yi. Kanta ya shiga bayan itace, ya ja, ya raɗa bisimilla, ya saki. Ba ta yi nisa ba ta faɗi.

Gregory ya zo da ƙaramar motar gona yana ta bubbuga masa baya, yana cewa kujera tasa ce har ya gaji. Suna isa gida Lizzy, matar Gregory, ta fito baranda da fara'a, riƙe da wani abu ruwan toka.

"Na ji Gregory yana ta mitar ƙamshinta," in ji ta. "Sai na wanke maka da sabulunku na maharba, har sau biyu. Yanzu kana iya hawa da ita, babu barewar da za ta ji ka."

Suwaitar na da ɗumi, fitowarta ke nan daga injin busar da kaya. Hamissou ya karɓa da hannu biyu ya yi mata godiya, don haka aka koya masa a gidansu.

Washegari ya saka ta ya hau bishiyar, bai ko ɗauki baka ba. Ya zauna yana jira jikinsa ya ɗumama ulun. Barewa biyu suka zo suka yi kiwo a ƙarƙashinsa har rana ta take, babu wadda ta ɗaga hanci.