Alwala a Gindin Uwar Magunguna

Jiya na ga jikata ta tsuguna da buta a gindin bishiyar uwar magunguna da ke tsakar gidanmu a Ƙofar Wambai, sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Shi ya kawo ta daga daji tana 'yar ƙarama, don masu haƙar saiwa sun kusa ƙarar da irinta. Mu kuwa duk gidan a gindinta muke alwala, wai kada ruwa mai albarka ya tafi a banza. Sai ganyenta ya fara zuba.

Wata safiya ya tona gindin, ya damƙo ƙasar ya kai mini hanci. Wari take kamar kwata, saiwar ta yi baƙi tana narkewa a yatsa. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya barbaɗa toka, ya cike ramin da yashi.

Ya ce, "Bishiyar tudu ce, jikana. Ba ƙishi ke kashe ta ba, son da kuke mata ne."

Bana ma ta yi fure, ƙamshinta har zaure. Na janye yarinyar zuwa bakin magudana.

Allah Ya shayar da shi daga Alkausara, inda ruwa ba ya yawa.