Ruwan Larabar da Ta Riga Ta Wuce

Shekara ashirin da wani abu, a unguwarmu ta Batsari, in damina ta matso ba sama ake kallo ba, gwiwata ta hagu ake tambaya. Tun da jaki ya kayar da ni a hanyar Runka ina saurayi, take ciwo in hadari ya kusa. Wani lokaci kuma don kanta take ciwonta, amma wannan ban taɓa gaya wa kowa ba. In na ce a yi binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari, sai a yi. In na dace, gwiwa ce. In na kuskure, zunubin mutane ne ya kori hadarin. Aji uku na yi a firamare, amma a wannan fannin babu malamin da ya kamo ƙafata.

Sai ga wani tsohon malamin gona ya yi ritaya ya dawo layinmu, da tabarau da wata faffaɗar waya. Ranar da ya fara zama a majalisarmu ta gindin dalbejiya na tsane shi, kuma har yau ban ga dalilin dainawa ba. Ina cewa gwiwa ta motsa, sai ya shafa waya.

"Malam, nan dai sun ce rana har kwana biyar. Ka nemi man zafi."

Aka yi dariya. Abin haushin, rana aka yi har kwana biyar. Kafin wata ya cika, masu yi min sammako da goro sun koma ƙofarsa.

Ina da 'ya malamar makaranta a Safana. Da ta zo ganin gida, na ja ta zaure na ce ta ba ni tsohuwar wayarta, ta kuma nuna min inda mutumin nan yake sato ruwan sama.

"Baba, ba sata ba ce. Burauza ake ce masa. Ƙofar shiga intanet ce."

"To buɗe ƙofar, ban da wa'azi."

Ta nuna min wani ɗan da'ira mai launi, ta ce in taɓa. Na danna kamar mai kashe kuɗin cizo, komai ya ɓace. Ta ce a hankali. Ta nuna min dogon gurbin da ke sama inda ake rubuta tambaya. Na fara da sallama da tambayar gajiya, don ni ba a yi min tarbiyyar faɗa wa baƙo haka kawai ba.

"Baba, ba mutum ba ne. Rubuta yanayi, Batsari."

"Shi ya sa ba shi da kunya."

Yatsana ya fi harafi uku faɗi. Sau bakwai ina rubuta sunan garin da aka yanke min cibi, yana fitowa wani gari daban. Ta yi tsaki a ciki, amma na ji. A ƙarshe shafin ya buɗe, ta mayar min da shi Hausa: ranakun mako a jere, kowace da hotonta, rana ko girgije. Ƙarƙashin Laraba ga girgije baƙi da ɗigo uku. Ta nuna min kibiyar komawa baya, ta nuna min yadda ake kashe data kada ta ƙare.

"Saura abu ɗaya, Baba, kuma shi ne babba. Duk lokacin da za ka duba…"

"Ke! Ni na haife ki ko ke kika haife ni? Na gane."

Ta miƙe ta shige wajen uwarta. Ni kuma don fushi na kashe wayar na jefa ta cikin kwalla, mako biyu ban waiwaye ta ba.

Wata Litinin malamin gonan ya tafi Katsina ganin likita, aka ce sai ya kwana uku. Na ce yau fili nawa ne. Na ciro waya, na taɓa da'irar a hankali yadda aka koya min, ban kunna data ba don ni ba almubazzari ba ne. Ga shafina nan yadda na bar shi, girgijen Laraba da ɗigonsa uku. Na fita ina ɗingishin da ya fi na kullum.

"Jama'a, jibi ruwa, mai yawa. Wanda bai yi binne ba ya kuka da kansa."

Gida biyar suka fita. Gonakin da ke kusa da gari kawai ake iya zuwa yanzu saboda 'yan bindiga, iri kuma ba kowa ke da na biyu ba. Cikinsu har da maƙwabcina mai facin taya, wanda ya baro ƙauyensu da tiya huɗu ta irin gero a ɗaure cikin zanen matarsa. Ya zuba duka.

Laraba rana ta fito tas. Alhamis ma haka. Zabi da tururuwa suka yi walima.

Ran Juma'a bayan an sauko, ga malamin gona a majalisa, an riga an kai masa labari. Ina ta bayanin zunubin mutane, wayar ta zamo daga aljihuna ta faɗi gabansa. Ya ɗauka.

"Ashe gwiwar taka caji ake yi mata?"

Ya buɗe, ya ɗaga wa kowa ya ga girgijen. Sannan ya kunna data, ya ɗora yatsa ya ja shafin ƙasa. Wani ɗan abu ya juya, girgijen ya tafi, rana bakwai suka jeru suna kallona.

"Wannan Larabar mako biyu da suka wuce ce, tsoho. Shafi ba ya sabunta kansa in ka rufe masa hanya. Wanda ya koya maka bai gaya maka ba?"

Na ce ba a gaya min ba. Ƙaryata ta ƙarshe ke nan a gindin dalbejiyar.

Mai faci bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Tashi ya yi ya kakkaɓe riga. Da yamma na buɗe rumbu na auna irina na raba gida biyar, nasa na cika har yana zuba. Ya karɓa a bakin ƙofa bai ce in shigo ba. Gonata ta samu abin da ya rage a gindin buhu.

Bayan kwana tara gwiwar ta tashe ni da ciwo na gaske, irin na da. Na fita na faɗa a majalisa. Malamin gona ko ɗago kai bai yi ba.

"Ka ja ta ƙasa tukuna, mu ga ko ta bara ce."

Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ce wayar malamin gona ce ta faɗa. Yanzu na iya jan shafi ƙasa, kullum sai na ja sau uku don mugunta, amma babu mai tambayata.